Siminti Ba Ya Ɗaure Masai Mai Rawa

 Sharhinmu na yau zai leƙa inda ba a cika son kai baƙo ba, wato bayan gida. A yi mana afuwa in an ji kalmar da ba ta yi wa kunne daɗi ba. Maganar lafiya ce, ita kuwa ba a yi mata kara.

Wanda ya san Sabon Tasha shekaru 30 da suka wuce, in ya dawo yau sai ya nemi ɗan jagora. Tun bayan rikice-rikicen da Kaduna ta sha a 2000 da 2002, jama'a suka yi ta kwararowa wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Chikun, gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje. Daga Unguwar Boro zuwa Unguwar Pama, daga Kamazou zuwa Mahuta har Maraban Rido, ko'ina bulo ne ke hawa kan bulo. Abin da mai neman haya yake fara tambayar ejan kuwa shi ne: akwai bayi a ciki? Salgar da a da take can ƙarshen gida, bayan igiyar shanya, yanzu ta zama farin masai na zama, taku uku daga bakin gado. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai duk abin da ka matso da shi kusa da makwancinka, dole ka san yadda aka ɗaure shi.

Ga kukan da ake yawan ji. Uwargida ta wanke bayi da safe, ta zuba Izal, ta kunna turaren wuta, amma kafin la'asar warin ya dawo. An goge ƙasa ta bushe, can sai ga wani siririn ruwa ya zagaye ƙafar masai. Da dare ka kunna fitila, kyankyasai su watse, ka rasa ta inda suka ɓullo. Miji ya zargi mata da rashin tsafta, mata ta zargi yara, ɗan haya ya zargi mai gida, mai gida ya ce ai lafiya lau ya ba da ɗaki. A mafi yawan lokuta duk cikinsu babu mai laifin da ake ɗora masa. Laifin yana wani wuri da bai fi tafin hannu ba, inda bakin masai ya haɗu da bututun da ke kai ƙazanta sokawe.

Masai na zamani yana da masu gadi biyu. Na farko shi ne ruwan nan da kullum kake gani kwance a cikinsa. Ba ragowar ruwan da ya kasa wucewa ba ne, da gangan aka lanƙwasa hanyar don ya tsaya, ya toshe wa iska hanyar dawowa. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotlan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1775, kuma har yau ba a sami wadda ta fi ta ba. Kaurin ruwan bai wuce inci 2 ba, amma shi ne ke tsakanin hancinka da abin da ke cikin rami. Bayan fiye da shekaru ɗari, kamfanin Thomas Twyford a Ingila ya fito da masai na tangaran dunƙule guda, kuma sunan Twyford har yanzu ana ganinsa a jikin masai a gidajenmu. Wannan mai gadi na farko kowa yana ganinsa. Na biyun shi ne ba a gani, don yana ɓoye a ƙasa ko a bayan masai. Shi ne abin da ke liƙe tangaran da bututu. In ya saki, ruwan da ke cikin masai ba shi da sauran amfani, domin iska ta sami ƙofa a bayansa.

Kowace ƙasa da abin da take liƙe wannan mahaɗa da shi. A Amurka da Kanada zoben kaki suke sawa. Wani zobe ne mai kauri na kaki mai laushi, faɗinsa kamar bakin bututu, a da na zuma ne, yanzu kuwa galibi daga ɗanyen mai ake samunsa, dangin wanda ake yin kyandir da man shafawa da shi. Mutanen Sabon Tasha ba baƙi ba ne ga wannan kaya, domin matatar man Kaduna da ke kan hanyar Kachia, wadda aka buɗe a 1980, an gina mata sashen fitar da kaki da kwalta da man injin. Yadda Amurkawan suke aikin shi ne, a ɗaure wani faifai mai rami a bakin bututu, a kafe shi da ƙasa, a ɗora zoben, sannan a sauke masai a kai, nauyinsa ya matse kakin ya cike kowace kafa, a ƙarshe a ɗaure da noti biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Abin mamaki game da kakin nan shi ne ƙarkonsa. Ba ya ruɓewa, ruwa ba ya cinsa, tsatsa ba ta kama shi. Masu sana'ar a can sun saba cewa yakan kai shekara 20 zuwa 30, wani ma sai masai ya tsufa an cire shi kakin yana nan. To me ke kashe shi? Motsi. Kaki kamar malmalar tuwo yake: in ka danna yatsa, gurbin yana nan, ba ya tasowa ya cike. Ranar da masai ya karkata dama, ya danne kakin wannan gefe. Da ya dawo hagu, sai ya bar 'yar kafa a inda ya danne, kuma wannan kafa ta zauna ke nan. Saboda haka ne ba a mayar da tsohon zobe in an ɗaga masai, ko da jiya aka sa shi. Sauran abubuwan da ke kashe shi duk 'yan uwan juna ne: an ƙara tayil a kan tsohon daɓe har bakin bututu ya nutse ƙasa, zoben bai kai ya taɓa tangaran ba, ko an sauke masai a karkace aka ja shi don ya daidaita, kakin ya goge, ko bututu ya toshe aka yi ta bugu da abin zuƙa har ruwa ya tunkuɗe kakin, ko an sheƙa tafasasshen ruwa ya narke.

Mai sauraro zai ce, to mu ina ruwanmu da kakin Amurkawa? Ruwanmu biyu ne. Na ɗaya, wasu masai da ake shigowa da su daga Sin, musamman masu fitar da ruwa ta ƙasa, sukan zo da irin wannan zobe mai danƙo a cikin kwali, kuma sau da yawa yana ƙarewa a bola tare da kwalin, don mai aikin bai san amfaninsa ba. Na biyu, kuma shi ne babba, darasin kakin ya hau kan duk abin da muke amfani da shi. Abin liƙi ba ya mutuwa don kansa, kashe shi ake yi.

Mu a nan abu biyu muka fi sani. Akwai robar haɗi, wadda mafi yawan masai masu fitar da ruwa ta baya suke buƙata. Gefe ɗaya tana da baki mai laushi da ke kama tangaran, ɗaya gefen tana da wasu leɓɓa da ke shiga cikin bututu mai inci 4 su riƙe. Ta fi kaki haƙuri da motsi, don roba in an danne ta tana dawowa. Sannan akwai abin da muka fi kowa gwaninta a kai, wato siminti.

Bari mu tsaya a bakin ƙofar wani bayi da ake aiki, mu ga yadda abin ke faruwa. An riga an zuba daɓe, an manna tayil, bututu ya leƙo daga ƙasa. Sai yau mai gida ya je kasuwa ya sayo masai, wanda kuɗinsa ya kai. Aka kawo, aka gwada, bakin masai da bakin bututu suka saɓa da kamar yatsa biyu. Mai aiki ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce ba komai, Oga, za a yi dabara. Ya yago takardar buhun siminti, ya cinna mata wuta, ya gasa bakin bututun har ya yi laushi ya yi baƙi, ya karkato shi da hannu. Ya cusa wata takardar a gefen da ya bar rami don kada kwaɓi ya zube ciki. Ya kwaɓa siminti, ya cika ƙasan masai da shi, ya ɗora, ya danna. Ramukan noti biyu da masana'anta ta huda a ƙafar masai, ko kallonsu bai yi ba. Ya bi gefe da farin siminti, ya shafe da yatsa, ya goge da tsumma. Aiki ya yi kyau a ido. Ya ce kada a hau sai jibi. Aka biya shi, aka yi godiya.

Wata shida, shekara ɗaya, sai labari ya canza. Dalili kuwa a fili yake. Siminti ba ya kama jikin bututun roba, kuma ba ya kama tangaran mai sheƙi, zama kawai yake yi a gefensu. Bututun roba yana miƙewa da zafi yana takurewa da sanyi ninki biyar ko fiye a kan yadda kankare ke yi. Ka tuna zafin watan Maris da Afrilu a Kaduna, ka tuna sanyin hunturu na Disamba da Janairu. Kowane zagaye bututu yana ja, siminti yana tsaye, har siririyar tsaga ta buɗe tsakaninsu. Ga takardar nan da aka cusa, ta jiƙe ta ruɓe. Ga bakin bututun da aka gasa, ya yi rauni, ya daina zama da'ira, babu robar da za ta sake kama shi da kyau. Wani lokaci ma simintin da aka cika cikin ƙafar masai shi ke fasa tangaran ɗin da kansa, shi ya sa masu ƙera masai da yawa suke gargaɗi a kan cika shi da kwaɓi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa kyankyaso ne ke samun wurin fita.

Ko an yi aikin da roba, akwai halayenmu da ke rage mata kwana. Na farko shi ne abin da muke zubawa. In wari ya dame mu, sai mu tuttula kananzir ko baƙin mai, wai don ya kashe kyankyasai. Irin robar da ake yin waɗannan mahaɗai da ita tana jure ruwa da sabulu shekara da shekaru, amma man fetur da danginsa suna kumbura ta, su sa ta saki. Haka mai aikin da ya shafa mata giris don ta shige da sauƙi, ya fara kashe ta tun ranar farko. Ruwan sabulu ya isa. Sai asid ɗin wanke tayil da ake sayarwa a jarka. Yana fitar da datti nan take, amma yana cin siminti, yana cin ƙarfe. Duk wankin da aka yi da shi, farin simintin gefen masai yana ƙara zaizayewa, notin yana ƙara ruɓewa.

Na biyu shi ne ruwa a ƙasa. Mu masu buta ne, kuma a ɗaki guda muke wanka da kewayawa, don haka ƙasan bayinmu ba ta cika bushewa ba. Notin baƙin ƙarfe a irin wannan wuri ba ya daɗewa, tsatsa ta cinye shi, masai ya fara rawa. Jiƙar nan kuma ita ke ɓoye cutar. Ba'amurke yana gane yoyo da wuri don ƙasan bayinsa a bushe take, sau da yawa ma katako ne a ƙarƙashi, da ya jiƙe zai nuna. Mu kuwa sai mu ɗauka ruwan wanka ne. A gidan bene abin ya fi muni. Ruwan yana ratsa daɓen benen a hankali, ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fara ɓantare kankare. Maƙwabcin ƙasa ya ga fenti yana kumbura a samansa, ya ga taswirar damshi tana faɗi, bai san ruwan masai ne ke sauko masa ba.

Na uku shi ne yadda ake hawa. Da yawa daga cikinmu da tsuguno muka tashi, kuma babu abin kunya a ciki. Matsalar ita ce mutum ya hau kan masai na zama da ƙafafunsa biyu, musamman a gidan haya ko wurin taro inda yake ƙyamar zama. An ƙera masai ne don nauyi ya sauka daidai a tsakiya. In aka tattara shi a gefen baki, sai ya yi ta girgiza mahaɗar, kuma in tangaran ya fashe a ƙarƙashin mutum, yankansa ya fi na kwalba. Wanda ya san mutanen gidansa masu tsuguno ne, ya sa masai na tsuguno mai lanƙwasar ruwa. Yana da araha, ba ya rawa, ba ya shan ruwa da yawa. Ba dole ba ne sai an yi na zama kafin a ce an waye.

Yanzu mu fita waje, domin wani lokaci cutar ba a cikin bayi take ba. Unguwanninmu ba su da babbar magudanar ƙazanta ta gari, kowane gida da raminsa da sokawensa. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, ƙasa ta ƙoshi, sokawe ya daina tsotsewa, ruwa ya cika rami ya dawo ya kwanta a cikin bututu. Babu kakin da aka yi, babu robar da aka yi, don su tare ruwan da ke tsaye yana turowa. An yi su ne don ruwan da ke wucewa. Haka in aka shimfiɗa bututu ba gangara. Ƙa'idar da masu sana'a suka sani ita ce, bututu mai inci 4 ya sauka kamar inci 1 a kowane inci 40. In ya kwanta sosai, ƙazanta ta tsaya. In an haɗa da audugar mata, da kunzugun yara na zamani, da leda, to toshewa ta zo, daga nan sai bugu da sanda da zura rodi, mahaɗa kuwa ita ke shan wahalar.

Sai bututun numfashi, wanda ya kamata ya tashi daga layin ƙazanta ya wuce saman kwano, da 'yar raga a bakinsa don ƙuda da sauro. Ka zagaya ka ƙirga gidajen da aka yanke shi daidai taga, ko aka toshe shi da leda, ko ba a sa shi ba sam don a rage kuɗin bututu ɗaya. Ƙazanta tana ruɓewa, iska tana taruwa, dole ta nemi mafita. In babu ta sama, za ta bi ta inda ya fi rauni. Idan ka kora ruwa ka ji masai yana gurnani, ko ka ga ruwan cikinsa yana raguwa da kansa, layin ne ke gaya maka ba ya numfashi.

Kada a ɗauka maganar wari ce kawai. Iskar rami tana ɗauke da gas mai kama wuta, da kuma wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda in ya yi yawa yakan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ya tafi alhali ya ƙaru. Shi ke kayar da masu shiga rami yasa, na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. A cikin ɗaki bai cika kai wannan matsayi ba, amma wa zai so jariri ya kwana yana shaƙarsa? Duniya ta ga iyakar abin a 2003, lokacin annobar SARS, a wasu dogayen benaye da ake kira Amoy Gardens a Hong Kong. Mutum sama da 300 suka kamu a wuri guda. Da aka bincika, sai aka tarar ruwan da ke cikin lanƙwasar magudanan ƙasan bayi ya bushe a gidaje da yawa, iska daga bututun ƙazanta tana shigowa ɗakunan mutane ɗauke da ƙwayar cutar. Gine-gine ne na zamani, amma 'yar ƙaramar kafa ta kayar da su.

A wajenmu babbar barazana ita ce ruwan sha. Gidaje da yawa a wannan yanki da rijiya ko burtsatse suka dogara, filaye kuwa ƙanana ne. Masana lafiya suna son a sami tazarar kamar mita 30 tsakanin rami da rijiya, amma a fili mai ƙafa 50 da 100, ga naka ramin, ga na maƙwabci a jikin katanga, ina za a samo ta? In aka ƙara da bututun da ke yoyo a ƙarƙashin daɓe, to ƙazanta ta sami gajeriyar hanya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka, ta kashe sama da 3,000. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a 2018, a 2019 aka sa hannu a kan umarni mai lamba 009 don kawo ƙarshen bahaya a fili, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da ta cimma wannan buri a 2022. Duk abin yabo ne. Amma ƙirga yawan masai kaɗai bai isa ba. Masai mai yoyo bahaya a fili ne da aka yi wa rufi da ƙofa.

To mene ne abin yi? Mu fara da gano cutar, kuma kowa zai iya. Ka dafa masai da hannu biyu ka girgiza a hankali. In ya motsa ko kaɗan, mahaɗarsa tana cikin haɗari, ko da ba ka ga ruwa ba. Sannan ka goge ƙasa ta bushe ƙarau, ka shimfiɗa takardar tishu ta zagaye ƙafar masai da bayansa, ka jiƙa bular wanki ka zuba a cikin masai, ka kora ruwa sau biyu ko uku. In shuɗi ya fito a jikin takarda, ka kama ɓarawo. In takarda ta jiƙe amma babu shuɗi, duba sama, wataƙila tankin ne ko siririn bututun da ke kawo masa ruwa.

In ka tabbatar, kada ka yarda da mai cewa a ƙara shafa farin siminti ko silikon a gefe. Wannan rufe baki ne, ruwan zai koma ƙarƙashin tayil ya ci gaba da aikinsa inda ba ka gani. Gyaran gaskiya sai an ɗaga masai. A kankare tsohon kwaɓi, a duba bakin bututu, in an taɓa gasa shi ko ya tsage a yanke a sa sabo. A sa sabuwar roba ko sabon zobe daidai da irin masai ɗin. In baki da baki sun saɓa, akwai robar haɗi mai karkata da mai lanƙwasa da aka yi don haka, ba sai an kunna wuta ba. A ɗora ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, a tabbatar ya zauna daidai, a cike inda ƙasa ta yi kwari. A huda, a ɗaure da notin da ba ya tsatsa, a matse a hankali don kada tangaran ya tsage. Sai a ƙarshe a bi gefe da silikon, a bar 'yar kafa ta baya, don in yoyo ya sake tasowa ya nuna kansa da wuri.

Masu gini kuma, tun ran gini ran zane. Ka zaɓi masai kafin a binne bututu. Masu fitarwa ta ƙasa suna da tazararsu daga bango, wani milimita 300, wani 400. Masu fitarwa ta baya galibi bakinsu yana kan milimita 180 daga ƙasa. A auna daga inda tayil zai ƙare, ba daga kan bulo ko ɗanyen daɓe ba. Kuma kafin a rufe layi da kankare, a toshe ƙarshensa a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana, a ga ko zai ragu.

Ba za mu ɗora komai a kan masu aikin famfo ba. Akwai ƙwararru a garin nan da suka san duk abin da muka faɗa, har da ƙari. Amma in ƙwararre ya kawo lissafi da roba da noti da bututun numfashi, sai mai gida ya ce ya yi tsada, ya kira yaron da bai gama koyo ba ya yi rabin kuɗi. Robar da ake gudun saye ba ta kai kuɗin fasa tayil da sake shi ba, balle kuɗin asibiti. Kaduna ce mazaunin hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a ƙasar nan, kuma an ga yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa hannu da masu sana'a na Panteka don horarwa da ba da shaidar ƙwarewa. Irin wannan ya kamata ya ƙetaro Kogin Kaduna ya iso ga matasan Sabon Tasha da kewaye, ƙungiyoyin masu aikin famfo su rungume shi, har ya zama mai gida yana iya tambayar takarda kafin ya ba da aiki.

Hukumar KASUPDA da ke amincewa da zanen gini, idonta ya kai ga inda aka sa rami da inda aka sa rijiya, ba tsayin katanga kaɗai ba. Hukumar KEPA mai kula da muhalli da jami'an duba-gari na Chikun su riƙa shiga gidajen haya kamar yadda duba-gari na da ke yi, su fara da wayar da kai kafin tara. Masu gidaje su sani cewa mahaɗar masai da rami da bututun numfashi jikin gini ne, gyaransu a wuyansu yake. 'Yan haya su ma su riƙe nasu: kada a jefa abin da ba ya narkewa, kada a zuba mai, kada a hau da ƙafa, kuma a kai rahoto ranar da aka ga motsi, ba ranar da za a tashi ba. Mai neman ɗaki, kafin ka miƙa kuɗin shekara, shiga bayi ka girgiza masai, ka kora ruwa, ka zagaya baya ka ɗaga kai ka nemi bututun numfashi. In ejan ya ce ka cika bincike, ka ce masa kai za ka kwana a ciki.

Mai sauraro, in an tashi daga wannan shiri, a je a gwada. Wanda ya tarar nasa yana rawa, ya kira mai gyara a wannan makon, kafin ruwan sama ya kankama, kuma ya tsaya a kansa ya ga an ɗaga an gyara daga tushe.